Darussan da na koya kan kurata da dawaki a rundunar sojan doki

Duk wanda ya zauna ya bi lissafin rundunar sojan doki a lokacin yaƙi zai tarar da adadi biyu da ba sa haɗuwa: sunayen da ke cikin rajista, da dawakin da za su iya ɗaukar sirdi gobe da asuba. Na biyun shi ne ƙarfin runduna. Manyan hafsoshi kuwa na farkon suke dubawa, ɓarnar ma daga nan take somawa.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo a nazarin nan shi ne yadda ake kashe sabon doki da gaggawa. A yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902, Birtaniya ta yi asarar dawaki fiye da 300,000, kuma yawancinsu ba harsashi ya kashe su ba. A kan sayo su daga Ajantina, Ostireliya, Amurka da Hangare, su yi makonni a tsaye cikin jirgin ruwa, jiki ya saki, ciki ya manta da abinci mai nauyi. Irin wannan doki hutun makonni yake bukata, da kilisa ta sannu-sannu, ana ƙara masa hatsi kaɗan-kaɗan har ya saba da ruwa da iskar wurin. Amma sai umarni ya zo daga sama a tura shi fagen daga, a ɗora masa mahayi da kaya sama da kilo 100. Kwana kaɗan baya ya yi miki, ƙafa ta gurgunce, a bar shi a hanya. In an zo rubuta rahoto, laifin na mai kula da barga ne ko jami'in guzuri, wanda tun farko shi ya roƙi a jira. Wanda ya ba da umarnin ba a ko ambata shi. Wannan zalunci ne, kuma ya maimaitu a runduna bayan runduna.

Sai lissafin ciki. A yaƙin basasar Amurka, rabon dokin sojan Arewa a rana shi ne hatsi fam 12 da busasshiyar ciyawa fam 14, wato kusan kilo 12. Dawaki 1,000 ke nan suna cin kusan tan 12 kullum, ga ruwa lita 30 ko fiye ga kowane ɗaya. Dabbobin da ke jan keken abincin su ma daga cikin kayan suke ci, saboda haka duk nisan da aka ƙara daga tashar jirgin ƙasa, abin da ke isa turke raguwa yake. Masu cewa a sake su su yi kiwo sun manta kiwo awanni yake ci, dokin da ke tafiya kuma ba shi da su. A 1812 sojan Faransa sun ciyar da dawakinsu ɗanyen hatsin gona a Rasha, ciki ya kumbura, dubbai suka mutu tun ba a gwabza babban faɗa ba. A 1813 Napoleon, sarkin Faransa, ya tara sababbin kurata, amma dawaki ba su samu ba. Ya yi nasara a Lützen da Bautzen cikin ƙasar Jamus, ya rasa mahayan da za su bi sawun abokan gaba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ma, abincin dawakin da Birtaniya ta kai Faransa ya fi harsasai nauyi.

Ɗaukar mutane ma da nasa tarkon. Kurtun da ya zaɓi doki don gudun tafiyar ƙasa shi ne mai barin shimfiɗar sirdi a nannaɗe, mai zama a karkace, ya lalata bayan dabba cikin yini ɗaya. Tsarin kowa ya zo da dokinsa kuwa, wanda ɓangaren Kudu ya bi a yaƙin basasar Amurka, ya kawo gwanaye da farko. Sai dai ana biyan diyya ne kawai in an kashe dokin a faɗa. Wanda yunwa ko cuta ta kashe nasa, gida zai koma neman wani, runduna ta yi ta zubewa. Arewa kuma 'yan kwangila suka yi ta cusa mata tsofaffi da marasa lafiya, har ta kafa hukumar dawaki a 1863 tare da babbar barga a Giesboro, kusa da Washington.

Sauran a taƙaice. A duba haƙori kafin a biya kuɗi, kada a sayi wanda bai kai shekara biyar ba. Sabon zuwa a keɓe shi, kwano da bokitinsa daban, saboda majina da ƙazuwa. Takalmin kofato a sake shi duk mako huɗu zuwa shida, kowane mahayi ya riƙe na ajiya da ƙusoshi. A doguwar tafiya a riƙa sauka ana jan doki, a sassauta majayi a kowane zango. In za a yi faɗa a ƙasa, a cire mutum ɗaya cikin huɗu daga lissafin masu harbi, domin shi zai riƙe dawaki.