Yadda na rubuta wa 'yan aji uku labarin bauta

Littafin hotuna na yara yawanci shafi 32 ne, saboda yadda madaba'a ke ninke takarda. A cikin wannan ɗan fili na so in ba ɗalibaina na firamare a Tudun Wada labarin wata uwa da 'yarta da mahara suka kama, aka sayar da su dabam-dabam, uwar a wani rinji, wato ƙauyen bayi manoma, kusa da Zariya, 'yar kuma a Kano.

Zanen farko da mai zanena ya kawo, jirgin ruwa ne da mutane cikin sarƙa. Ban ga laifinsa ba, hotunan da ke intanet ke nan, kusan duk na Amurka. Na ce masa, "Malam, tamu bautar a tudu aka yi ta." Sai muka koma karatu a Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi ta Kaduna, muka fito da abin da ya dace: bukkokin rinji, gonar gandu, ayarin fatake, kuɗin wuri a ƙwarya. A can na samo ƙashin bayan labarin, wato murgu. Bawa kan yi yarjejeniya da ubangijinsa ya riƙa sana'ar kansa yana biyan wani abu a kai a kai, abin da ya rage ya tara don fansar kansa. Sai na sa uwar tana kaɗi da dare. Kowane shafi nata, wurin da ke ƙwaryarta ya ɗan ƙaru, yara kuwa suna son ƙirga abu da yatsa.

Harin kansa shafi ɗaya na ba shi: ƙura, ƙafafun dawaki, tulu a fashe. Ba jini. Yaro ɗan shekara takwas ya san ma'anar a raba shi da uwarsa, ba sai an nuna masa bulala ba.

Inda gumi ya karyo mini shi ne batun su waye maharan. Nan Kaduna ce. A ajina akwai jikokin waɗanda ƙasarsu ta sha hari daga Zazzau a ƙarni na 19, akwai jikokin masu rinji, akwai kuma na waɗanda aka haifa a rinjin, ko da iyayensu ba sa faɗa. Shugabar makarantarmu ta ja ni gefe ta ce, "Malama, kada ki tono mana abin da aka binne." Na ce, "Hajiya, ai yaran nan suna zagin juna da bawa a filin wasa, ba su san nauyin abin ba." Abin da muka tsayar: cikin labarin ban ambaci ƙabilar kowa ba, amma a shafin ƙarshe na iyaye da malamai na faɗi gaskiya ƙarara. Na rubuta cewa a ƙasar nan aka yi, cewa dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga wannan shekarar ne kawai, kuma sai 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Na kuma kawo Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram da aka raba da iyayensa, ya bi Barth, Bajamushe mai yawon bincike, har Landan a 1855, ya ba da tarihinsa da Hausa. Wanda ke ganin ƙirƙira na yi, ga shaida.

Sai ƙarshen labari. Kowa ya ce in haɗa su su rungume juna. Na ƙi, domin akasarin waɗanda aka raba ba su sake haɗuwa ba, kuma ba na son yaro ya rufe littafin yana zaton ai daga baya komai ya gyaru. Amma barinsa hannu rabbana ma zalunci ne. Don haka na sa uwar ta ba wani farke ƙullin zare, da irin ƙullin da ta koya wa 'yar tun tana ƙarama, ya yi ta cigiya a Kano har ya same ta. Yarinyar ta gane ƙullin, ta san uwarta na raye, tana kuma nemanta. Nan na tsaya.

Ranar da na karanta musu, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, wuri nawa ya rage mata?" Aka koma baya ana ƙirgawa, gardama ta kaure. Wani yaro kuma ya tambayi inda baban yake, tambayar da ta sa na ƙara shafi guda a kansa kafin a kai madaba'a. Da na ji kuɗin bugu mai launi, sai muka bar hotunan ciki baƙi da fari, zaren kaɗai muka yi wa shuɗin baba.