Wanda bai taɓa aiki ba, me zai rubuta a CV?

"Ina da ƙwazo, ina da haƙuri, na iya zama da mutane." Yawancin masu neman aikin farko da irin wannan suke cika CV. Mai tantancewa ya gan shi har ya gaji, kuma ba shi da hanyar tabbatarwa, sai ya wuce kawai. Shaida yake nema.

Ka fara da sanarwar aikin. Ja layi ƙarƙashin duk ƙwarewar da aka ambata, ka zaɓi biyar ko shida da ka tabbata kana da su, ka rubuta su da kalmomin sanarwar. Manyan kamfanoni da dama manhaja ce ke fara tace musu takardu kafin idon mutum ya gani, ita kuwa kalma take bi. In sun ce Excel, kai ka rubuta "na iya kwamfuta", tana iya tsallake ka.

Daga nan kowace ƙwarewa ka jingina ta da abin da ka yi, da kayan aikin da ka yi amfani da su, da adadi. Maimakon "na iya Excel", ka ce: "Na shigar da amsoshin mutum 120 na binciken kammala karatuna a Excel, na tace su, na fitar da jadawali." Horon sanin makamar aiki, aikin sa kai, riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai, koya wa yara darasi, duk shaida ne. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiya shekara guda lissafi bai ɓace ba, ai yana da abin faɗa. Mutane ne ke raina shi.

A harsuna ka bambance wanda kake ji, da wanda kake karantawa, da wanda kake rubutawa. Taurarin nan da ake jerawa gaban kowace ƙwarewa, ko a ce "kashi 80", ado ne kawai. Kashi 80 na me? Kuma kada ka ƙara gishiri, domin ranar ganawa ana iya tura maka kwamfuta a ce bismilla.

Shafi ɗaya ya isa, girman rubutu 11 ko 12, ilimi da ƙwarewa a sama. Ka tura a PDF, sai dai in an nemi Word, sunanka kuma ya fito a sunan fayil ɗin. Kafin ka tura, kwafi rubutun ka liƙa a Notepad, wato manhajar rubutu zalla da ke cikin kwamfuta. In ya fito a hargitse, to akwatuna da hotunan da ka saka za su iya rikita manhajar tace takardun ma, sai ka cire su.