Shekara biyar ina bin sawun Tok Guru

Jibi in Allah ya kai mu zan bar Malesiya. Littattafai sun riga ni yin gaba, abin da ya rage a ɗakin sai tabarma da tukunyar dafa shinkafa, su ma na yi wa yaron da zai gaji ɗakin alkawarinsu. Ƙannenmu da suka zo bana sun matsa mini in rubuta musu wani abu kafin in tafi. To ga shi. Zancen biza da rajista da neman gida ba zan taɓa shi ba, kun riga kun ɗanɗana.

Kundina a kan Nik Abdul Aziz Nik Mat ne, wanda mutanensa ke kira Tok Guru, malamin da ya riƙe jihar Kelantan daga Oktoban 1990 zuwa Mayun 2013. Ban taɓa ganinsa ba. Ya rasu a Fabrairun 2015, ni kuwa sai ƙarshen 2018 na sauka ƙasar. Amma tun ina gida nake jin labarinsa: malami ne da ya yi karatu a Deoband ta Indiya, ya wuce Azhar, ya dawo ya shiga siyasa, ya yi fiye da shekara 22 yana mulki bai bar gidansa na ƙauyen Pulau Melaka ba. Ɗan Arewa da ya yi wayo a zamanin ƙaddamar da shari'a, in ya ji irin wannan labari ai gida ya gani. Don haka na zo da sakamakon bincikena a aljihu tun ban fara binciken ba: Kelantan ita ce Zamfarar Asiya, har ma ta riga Zamfara da shekara shida.

A babi na uku na rubuta, da bakina da alƙalamina, cewa tun 1993 ake zartar da haddi a Kelantan. A kan wannan jimla ɗaya na ɗora shafi arba'in da wani abu na kwatance tsakaninta da jihohinmu. Inda na samo ta kuwa, kanun jaridu ne da wasu maƙaloli da mutanenmu suka rubuta a gida, kowa yana kwafar na gabansa. Na miƙa wa Farfesan da ke duba aikina. Babin ya yi wata huɗu a teburinsa. Ranar da na je karɓa ya sa hannu a fom, ya ce in shirya kare tsarin bincike a gaban kwamiti. Na fito ina jin kaina a sama, har na kira gida na ce a taya ni da addu'a, abu ya kusa.

Ranar zaman, mutum uku ne a kwamitin. Ɗaya daga cikinsu wata malama ce daga tsangayar shari'a, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya, wadda tun da na fara bayani ba ta ɗago kai ba. Da na gama sai ta cire tabarau ta ce, "Ɗan'uwa, hannu nawa aka yanke a Kelantan daga 1993 zuwa yau?"

Na ce zan koma in binciko adadin.

Ta ce, "Kada ka wahalar da kanka. Ko ɗaya."

Daga nan ta karanta mini abin da ɗan aji ɗaya a tsangayarsu ya sani. Gaskiya ne majalisar dokokin Kelantan ta amince da dokar haddi a 1993, amma dokar ba ta taɓa aiki ba, domin a tsarin mulkin Malesiya hukunta manyan laifuffuka hurumin tarayya ne. Abin da aka bar wa jihohi shi ne laifuffukan da Musulmi ya yi wa ƙa'idojin addini, shi ma da iyaka. Wata dokar tarayya ta 1965, wadda aka gyara a 1984, ta kafa wa kotunan shari'a shinge: ɗauri kada ya wuce shekara 3, tara kada ta wuce ringgit 5,000, bulala kada ta wuce 6. A Nijeriya jiha na da ikon rubuta kundin laifuffukanta, shi ya sa Zamfara ta ƙaddamar a Gusau a Oktoban 1999, kafin ƙarshen Maris na 2000 har an yanke hannun mutum kan satar saniya. Kelantan ba ta da wannan ƙofar. Kama da wane ba ta wane.

Akwai 'yan Nijeriya biyar a bayan ɗakin da suka zo mara mini baya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka wannan ba shi ne ya fi yi mini ciwo ba, don kuskuren nawa ne, ni na rubuta. Shugaban zaman ya juya wajen Farfesa ya tambaye shi ko ya ga babin. Mutumin nan ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce ya sha gaya mini in koma in duba wannan wurin, amma an san halin ɗaliban da ke zuwa daga waje, akwai gaggawa. Wallahi bai taɓa gaya mini ba. Kwafin da ya dawo mini da shi yana nan a cikin kayana, babu ɗigon biro ko ɗaya daga shafin farko har na ƙarshe, in ban da sa hannunsa. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Shi ya ci ladan, ya bar ni da askin a bainar jama'a.

Na yi shiru. Har yau ina tambayar kaina ko daidai na yi. A lokacin dai na lissafa: sa hannunsa nake buƙata a kowane zango don sabunta biza, kuma a nan ƙasar in ka kunyata babba a gaban mutane, ko kai ne da gaskiya ka faɗi. Aka ba ni wata shida in sake. Wata shidan nan shi ya haifi zango biyu na ƙarin kuɗin makaranta, tallafin da na zo da shi kuwa na shekara uku ne cak. Motata da na bari a gida ita ta biya. Da na kira uwargida na gaya mata, ta yi jim, ta ce, "Baban yara, ka taɓa zuwa garin mutumin nan kuwa?" Shekara guda ina rubutu a kan Kelantan, ban taɓa taka ta ba.

Na hau motar dare zuwa Kota Bharu, babban birnin Kelantan, a farkon 2020, na samu makonni kafin a rufe ƙasa saboda korona a watan Maris. Malayancin da na koya a aji bai yi mini amfani sosai ba, don karin harshen Kelantan ko mutanen Kuala Lumpur sai sun kasa kunne. Da safe ina laburare ina fama da rubutattun bayanan zaman majalisar jiha, ƙamus a gefe. Da yamma ina zaune a rumfar shayin wani dattijo kusa da kasuwar Siti Khadijah, wadda kusan duk masu kasa kaya a cikinta mata ne. Dattijon ya yi shekaru yana zuwa karatun da Tok Guru ke bayarwa a tsakiyar gari duk safiyar Juma'a. Ina ce masa Pak Cik, kamar dai a ce baffa, shi kuma da ɗan Larabcinsa da ɗan Malayancina muke lallaɓawa.

A can na gane kuskure na biyu, wanda kwamitin ma bai kai gare shi ba. Duk cikin rubutuna "gwamna" nake ce wa Nik Aziz. Muƙaminsa Menteri Besar ne, wato babban minista, kuma ba a zaɓensa kai tsaye. Ɗan majalisar jiha ne kamar kowa, da mazaɓarsa, sai Sultan ya naɗa shi saboda shi ke da rinjaye a zaure. Ranar da rinjayen ya kuɓuce, kujerar ta tafi. Sultan ne kuma shugaban addini a jihar. Mu da muka saba gwamna ya tuɓe sarki da takarda ɗaya, sai mun juya tunaninmu kafin mu fahimci wurin da babban minista ke zuwa fada yana sunkuyar da kai.

Da na dube shi a matsayin ɗan majalisa sai tarihin ya canza kama. Ya shiga majalisar tarayya a 1967 ta zaɓen cike gurbi a ƙarƙashin jam'iyyar Musulunci ta PAS, ya zauna har 1986, sannan ya koma majalisar jiha. Yana cikin jam'iyyar lokacin da rikicin 1977 ya sa tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Kelantan, PAS ta rasa jihar a 1978, ta yi shekara 12 a waje. Dawowar 1990 ma da taimakon wasu aka yi ta: ƙawance da Semangat 46 ta Tengku Razaleigh Hamzah, wadda ta ɓalle daga UMNO, babbar jam'iyyar da ke mulkin tarayya a lokacin, shi ya share duka kujeru 39. A 1996 Razaleigh ya koma UMNO ya bar shi. A 2004 guguwar Firaminista Abdullah Badawi ta kusa tafiya da shi, ya tsira da kujeru 24 cikin 45, zaɓen cike gurbi na Pengkalan Pasir a ƙarshen 2005 ya mayar da su 23 da 22. Fiye da shekara biyu yana mulki da ratar kujera ɗaya, mutum ɗaya ya sauya sheƙa shi ke nan, kuma babu wanda ya sauya. Ku da kuka san majalisunmu, ku auna wannan. A 2008 PAS ta dawo da 38.

Na tambayi Pak Cik me ya riƙe mutanen nan. Ya ce mini shi dai abin da ya sani, in ka je sallar asuba a masallacin da ke jikin gidan Tok Guru za ka same shi, ka faɗi damuwarka ba tare da ɗan sanda ya ture ka ba. Ban sa wannan a matsayin hujja a kundi ba, amma shi ya nuna mini inda zan tona.

Abin da ya iya yi shi ne abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi: hana lasisin caca, taƙaita sayar da giya, raba layin maza da mata a manyan kantuna, hana wasannin gargajiya irin su mak yong, wanda har yau masu al'ada ba su yafe masa ba. Kada kuma a ce na zo yabon waliyyi. Kelantan tana cikin jihohi mafi talauci a ƙasar, samarinta suna Kuala Lumpur da Singafo neman abinci, ruwan famfo a unguwanni da dama sai ka tace kafin ka yi alwala da shi, an kuma sare dazuka ba kaɗan ba a zamaninsa. Magoya bayansa za su ce tarayya ce ta hana su kuɗin man fetur, har gwamnatinsa ta kai kamfanin man fetur na ƙasa, Petronas, kotu a 2010. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta wanke komai da komai ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne malamin da ya kawo dokar haddi shi ne kuma ya fi kowa dagewa a zauna da DAP, jam'iyyar da galibin mutanenta 'yan asalin Sin ne, ya ƙi haɗa kai da UMNO har ya koma ga Allah. Wata huɗu bayan rasuwarsa ƙawancen PAS da DAP ya watse, waɗanda suka sha kaye a PAS suka fita suka kafa jam'iyyar Amanah.

Sabon babin ya fito da kyau, har wata mujalla ta karɓe shi. Sunan Farfesa ne a gaba, nawa a baya. Gudunmawarsa ita ce ya ce in rage taken.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk abin da mai duba aikinka ya faɗa maka a ofis, ka koma ɗaki ka aika masa da imel cewa ga abin da ka fahimta, ka adana. Sa hannu ba karatu ba ne. Ka ba ɗan ƙasa babinka ya karanta kafin ka ba kwamiti, ko da ɗan digiri na farko ne. Ka koyi harshen, Turanci ba zai shigar da kai rumfar shayi ba. In za ka zaɓi mai duba aiki, kada yawan lambobin yabonsa ya ruɗe ka, nemi ɗalibansa da suka gama ka tambaye su, musamman waɗanda ba sa ɗaga wayarsa.

A Fabrairun 2024, ina jiran ranar kare kundi, Kotun Tarayya ta soke sassa 16 na dokar laifuffukan shari'a ta Kelantan ta 2019, bisa hujjar cewa jihar ta shiga hurumin tarayya. Malamar nan mai sanyin murya tana cikin masu jarraba ni, kuma na san za ta tambaya. Ta tambaya. Na yi minti goma ina amsawa ban duba takarda ba, na kawo mata har gyaran da majalisar jihar ta yi wa dokar 1993 a Maris na 2015, wata guda bayan rasuwar Tok Guru, wanda shi ma a takarda kawai ya tsaya. Ta mayar da tabaranta ta rubuta wani abu. Farfesa yana gefe yana gyaɗa kai kamar shi ya koya mini.

A shafin godiya na ba shi layi ɗaya, da cikakkun muƙamansa yadda yake so, ban rage ko ɗaya ba. Malamar ta samu layi uku. Pak Cik mai shayi ya samu biyar, kuma makon jiya na sake hawa motar dare na kai masa kwafi, duk da ba ya karanta Turanci. Ya juya shi gaba da baya, ya ce ya yi nauyi, ya ɗora shi a kan kanta kusa da gwangwanayen madara, ya zuba mini shayi.