Hoton Gado na Huɗu

Tun da na dawo gida bayan Isha'i nake juya kalmomi biyu da suka fita daga bakina da hantsi, har tuwon da uwargida ta ajiye mini ya huce ban taɓa shi ba. Kalmomin su ne "lafiya ƙalau".

Yau aka samu aka shigar da yarinyar gado na huɗu na'urar MRI don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarta, bayan an yi mata allurar kwantar da jiki, domin ba za ta iya kwanciya cik na rabin awa a cikin wannan rami mai ƙara ba. Kwana 12 ke nan da ta fara da ciwon kai da zazzaɓi, daga nan barci ya ƙaurace mata, ta shiga sambatu da ganin abin da babu, sai jijjiga ta biyo baya, yanzu kuma ta daina magana ɗungurungum, leɓɓanta da harshenta suna ta motsi kamar mai tauna goro. Na zauna gaban kwamfuta na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, ban ga ƙari ba, ban ga jini ba, ban ga kumburi ba. Likitan hoto ma abin da ya rubuta ke nan.

Mahaifinta yana tsaye a bakin ƙofa, ya rungume babbar ambulan ɗin hoton a ƙirjinsa. Ya ce, "Likita, me aka gani?" Ni kuma, cikin gajiya da son in sanyaya masa rai, na ce, "Baba, hoton lafiya ƙalau yake." Ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ai dama mun faɗa muku wannan ba ciwon asibiti ba ne. Tunda na'urar da ta cinye kuɗin bijimina ba ta ga komai ba, ku sallame mu mu koma wajen masu ruƙiyya."

A nan na gane cewa da bakina na sare reshen da nake zaune a kai. Na ja masa kujera, na ce, "Baba, wayar da ke aljihunka za ta iya zama fuskarta ba tsaga, murfinta ba karaya, amma ta ƙi kama sabis. Hoton nan fuska da murfi yake nunawa." Na bayyana masa abin da Oga, babban likitanmu, yake zargi tun zagayen jiya, wato wani kumburin ƙwaƙwalwa da wani likita mai suna Josep Dalmau da abokan aikinsa suka fayyace a Amurka a 2007, inda garkuwar jiki take juyowa ta afka wa wasu ƙofofin saƙo da ke jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira NMDA. Ya fi kama 'yan mata da yara, kuma a wajen rabin masu shi, ko fiye, hoton MRI yana fitowa fes kamar na mai lafiya. Ana tabbatar da shi ne ta hanyar zuƙo ruwa daga gadon baya a gwada, a kuma auna wutar ƙwaƙwalwa da wayoyin da ake mannawa a fatar kai. Da na ƙara da cewa muna so a yi mata hoton mara, domin a wasu matan wani ƙari ne a jakar ƙwai yake tayar da fitinar, sai ya dube ni duban da ban manta ba, ya ce, "Ciwo a ka, ku kuma ku tafi neman shi a mara?"

Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Na ce masa babu mai hana addu'a, malam ya zo bakin gado ya yi mata, mu kuma mu fara allurar danne garkuwar jiki, domin yawancin waɗanda aka fara wa magani da wuri suna farfaɗowa, ko da an ɗauki watanni. Ya ce sai ya shawarci yayansa, zuwa gobe.

Sauran yinin ya tafi a sashen marasa lafiyar da ake dubawa su koma gida, tsakanin masu farfaɗiya da masu shanyewar ɓarin jiki.

A hanyar gida na tuna da mutumin nan na Faransa da mujallar likitoci ta Lancet ta ba da labarinsa a 2007, ma'aikacin gwamnati ɗan shekara 44, mai mata da 'ya'ya biyu, wanda ya je asibiti a Marsai saboda raunin ƙafar hagu kawai. Da aka ɗauki hoton kansa sai aka tarar ruwa ya cika kusan dukkan ƙoƙon, ƙwaƙwalwar ta koma siririn shafe a jikin ƙashi. Wanda aka nuna wa hotonsa ba zai yarda mai shi yana zuwa ofis ba, wanda aka nuna wa na yarinyar nan kuma zai rantse tana aji tana karatu.

Na roƙi Sista mai aikin dare ta kira ni idan ta ga sun fara naɗe tabarma. Ƙarfe sha ɗaya ta wuce, wayar tana nan kusa da kwanon tuwon, ba ta yi ƙara ba tukuna.