JavaScript ba ya tsayawa idan lissafi ya karkace

Ƙannena masu koyon JavaScript, yawancin kurakuran da na tafka a lissafi tushensu ɗaya ne: zaton cewa idan abu ya lalace shirin zai tsaya ya faɗa. Ba ya tsayawa. Amsa yake bayarwa, ko daidai ko akasin haka.

Ku fara da null, alamar gurbin da aka bari babu komai a ciki. Idan kuka rubuta null + 5, amsar 5 ce, domin an mai da null sifili a ɓoye. Shi kuwa undefined, wato gurbin da ba a taɓa ba shi ƙima ba, undefined + 5 NaN yake haifarwa, wato "ba lamba ba", kuma duk abin da aka tara da NaN ya zama NaN. A ganina na farkon ya fi haɗari. NaN ido yana ganinsa, amma gurbin da ba a cike ba sai ya shiga matsakaici a matsayin sifili, ya ja sakamakon ƙasa ba wanda ya lura. Ku tantance ƙima tun kafin ta shiga lissafi. Wajen sa madadin ƙimar da babu ita, ku riƙe alamar ?? maimakon alamar ||, don shi || yana ɗaukar sifili na gaskiya kamar babu komai. NaN kuma bai yi daidai da kansa ba, don haka ku kama shi da Number.isNaN.

Lambobin yau da kullum a JavaScript suna bin ƙa'idar ajiye lambobi ta IEEE 754 mai bit 64, wato gurabe 64 na sifili ko ɗaya. Cikakkiyar lamba amintacciya ce har 9007199254740991. Bayan nan, 9007199254740992 + 1 ba ya motsawa daga inda yake. Dogayen lambobin shaida ku bar su a matsayin rubutu, ko ku ɗauki BigInt, nau'in manyan cikakkun lambobi da ya shigo a 2020. Dabarar | 0 ta yanke abin da ke bayan ɗigo kuwa bit 32 kawai take riƙewa, tana mai da 2147483648 zuwa -2147483648.

Sai batun ɗigo. 0.1 + 0.2 yana ba da 0.30000000000000004, saboda kashi ɗaya cikin goma ba ya rubutuwa cif a tsarin sifili da ɗaya. Haka (1.005).toFixed(2), mai daidaita lamba zuwa gurbi biyu bayan ɗigo, yake fitar da "1.00" maimakon "1.01", domin abin da ke ajiye ya ɗan gaza 1.005, kuma ku lura rubutu ne ya dawo, ba lamba ba. Wajen daidaita lamba zuwa cikakkiya, Math.round(2.5) 3 ne, amma Math.round(-2.5) -2 ne. Kuɗi dai ku lissafa su da mafi ƙanƙantar ma'auninsu a matsayin cikakkiyar lamba, ku daidaita sau ɗaya tak, a lokacin nuna sakamako.