Mayen Ƙarfe a Akwatin Kayan Aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman kafintoci, masu walda, da duk maigidan da yake ɗaukar guduma da kansa in wani abu ya lalace.

Aikin gyaran gidaje nake yi a nan ƙasar waje, kuma cikin kayan aikina babu ƙaramin abin da yake yi mini hidima kamar mayen ƙarfe. An fi saninsa da tsintar ƙusa. Ni kuwa na fi ɗaukarsa a matsayin mai tona asiri.

Yawancin bangon cikin gida a nan allon jifsam ne da aka ɗaure a kan katako da sukuru, aka shafe, aka yi fenti. In za ka rataya kabad mai nauyi, dole ka samo katakon, in ba haka ba allon ya ɓalle da kayan. Sai ka ɗauki ɗan mayen ƙarfe ka riƙa jansa a hankali a jikin bango. Can sai ka ji ya tsaya, ka sake shi ya maƙale shi kaɗai. Kan sukuru ya samu, katakon yana bayansa. A gidajen Amurka tsakanin katako da katako galibi inci 16 ne, wajen santimita 40, don haka in ka samu ɗaya, sauran lissafi ne.

Tona asiri na biyu a wajen sayen kaya ne. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, ba ya kama jan ƙarfe ko alminiyom. To in aka ce maka hinjin ƙofa ko mariƙi tagulla ne zalla, ka kara masa. Ya kama? Baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla, kuma tsatsa tana nan tafe. Haka wayar wuta. Amma a yi hattara, gwajin nan rabin shaida ne: wayar alminiyom da aka lulluɓe da jan ƙarfe ba za ta kama ba, alhali jabu ce. Wannan sai an yanke an ga farin cikinta.

Maganar tsintar ƙusa kuwa, bayan aikin rufin kwano, ku sa shi cikin leda kafin ku bi ƙasa da shi. In kun gama ku juya ledar, ƙusoshi da garin ƙarfe su rage a ciki. Sukudireba ma in aka goga masa shi ta fuska ɗaya sau da yawa, zai riƙe sukuru a lungun da yatsa ba ya shiga.

Iri biyu za ku fi gani. Baƙin nan na bayan lasifika ba ya tsatsa, yana jure zafi, amma ƙarfinsa kaɗan ne. Mai ƙyalli kamar azurfa shi ne na niyodimiyom, haɗin ƙarfe da niyodimiyom da boron, wanda kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan suka samar a farkon shekarun 1980. Ana samunsa a cikin tsohuwar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta. Ƙarfi gare shi na ban mamaki, sai dai ragon zafi ne: na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa in ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Masu walda da suke riƙe kusurwa da maganaɗisu, ku ɗiga walda ku cire shi, sannan ku ci gaba. Barinsa a wurin yana kashe shi, yana kuma karkatar da wutar waldar.

Inda nake ganin mutane suna ruɗuwa shi ne nauyin da aka rubuta a kwalin mayen ƙarfe cewa zai iya riƙewa. An auna shi ne a kan ƙarfe mai kauri, sumul, ana ja kai tsaye. A jikin bango a tsaye, kayan zamewa yake yi ƙasa tun bai kai ko kusa da wannan nauyin ba, fenti mai kauri ma yana rage kamun. Ya isa ya riƙe ƙofar kabad, wuƙaƙe ko sifana. Abin da zai faɗo wa mutum a ka kuwa, sukuru za a ɗaura masa.

Masu ƙananan yara, ku kulle ƙananan nan masu ƙyalli. In yaro ya haɗiye biyu, suna iya kama juna ta jikin hanji su huda shi, sai a garzaya asibiti ko da yana wasansa lafiya lau. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya sa shi a aljihun gaban riga.

A gaida kowa da kowa.

Naku,
Ɗan uwanku mai gyaran gidaje