Tarihin Rayuwata, Kashi na Huɗu: Bangon Inna

A makon jiya na tsaya a inda Inna ta gama takaba, ta sayar da gadonta na ƙarfe da jeren samirun ɗakinta, ta kama rumfa a Fagge kusa da Tashar Kuka. Yau bangon rumfar nake so in ba ku labari, domin duk sanda aka ambaci Inna, shi ne yake fara zuwar min a ido kafin ma fuskarta.

Rumfar langa-langa ce, ta jingina da katangar wani tsohon gida. Benci uku, randa biyu, murhu uku na duwatsu. Kafin kiran assalatu Inna ta hura wuta. Ta ɗora ruwa, ta yi talge, sannan ta yi salla a kan buhu a nan gefen murhu. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba har ta koma ga Allah. "Kai wannan, miƙo min muciya." Tukunyar tuwon ta fi ƙarfina, amma ina riƙe mata ita da tsumma yayin da take tuƙi, gumi na ɗiga daga haɓarta. In ya sulala sai ta ɗauki mara ta shiga kwasa, malmala bayan malmala, duk girma ɗaya kamar an auna. Malmala biyar na farko ba na sayarwa ba ne. Namu ne, ni da ƙannena huɗu, ta rufe su a langa ta ajiye can ƙarƙashin benci. Ko layi ya kai bakin titi, ko tuwo ya ƙare ana roƙo, ba a taɓa langar nan.

Kayan miya daga Yankaba ake kawo mata, nama kuwa da kanta take zuwa kwata ta zaɓa, don ta ce wanda bai ga yanka ba bai san abin da ya saya ba. Miyar kuka da busasshiyar kuɓewa kullum, taushe ranar Juma'a. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji. Masu cin abincinta 'yan dako ne na Kantin Kwari, da direbobi, da yaran mota, da 'yan kamasho, sai fatake daga Maraɗi da Damagaram masu zuwa sarin atamfa.

Inna ta yi allo, ta kai izu goma, amma ba ta yi boko ba. Lissafin bashi a bango take yi da gawayi. Kowa da alamarsa a sama: wani zoben da'ira, wani ƙafar kaza, wani direba mai tsagen fuska ta yi masa zane uku irin nasa. Duk kwanon da aka ci ba a biya ba, sai ta ja layi ɗaya a ƙarƙashin alamar. In an biya ta jiƙa yatsa ta goge. Na taɓa cewa ta bari in saya mata littafi in riƙa rubutawa da sunaye, tunda na shiga aji huɗu. Ta dube ni ta ce, "In ka rubuta sunan mutum, duk mai karatu ya san ana binsa. Wannan kuwa daga ni sai shi." Sai da na girma na gane nauyin maganar nan.

Ana cikin haka aka yi canjin kuɗi. A ƙarshen Afrilun 1984, wata huɗu da hawan gwamnatin soja ta Janar Buhari, aka wayi gari rediyo na sanarwa an sauya launin takardun naira, daga ɗaya har ashirin mai hoton Murtala, ban da takardar kobo hamsin. Aka rufe iyakokin ƙasa, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Zafin bazara ake yi a lokacin. Mutane suna kwana a layi, wanda ya samu shiga ma sai a karɓi nasa a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce ya dawo. Kasuwa ta tsaya cak. Ɗan dako da ke samun na abinci daga kayan da ya ɗauka a ranar, ba kayan, ba kuɗin. Baƙinmu na Nijar kuwa hanya ta rufe musu, ga tsohon kuɗi a aljihu ba mai karɓa.

Masu abinci da yawa a layinmu suka kife tukwane, kuma ban ga laifinsu ba, domin mai shinkafa ma sabon kuɗi yake nema. Inna ba ta kife ba. Ta cire nama daga miya, ta koma tuwon dawa zalla, ta ƙara daddawa don ya yi ɗanɗano. Ta je wajen mai hatsin da take saye a hannunsa ta ajiye masa 'yan kunnenta na zinariya, waɗanda su kaɗai suka tsira ranar da ta sayar da kayan ɗaki, ta karɓo buhu biyu.

Ina tuna wani dattijo Badamagare da ya zauna a ƙarshen benci tun hantsi bai ce a zuba masa ba. Ya sha ruwan randa sau biyu. Inna ta zuba malmala biyu ta miƙo min, ta nuna shi da haɓa. Ya ce, "Baiwar Allah, ban da abin biya." Ta ce, "Baba, ci tukuna. Bango na nan." Ya ci yana sunkuye, ya suɗe kwanon tas. Alamarsa a bango ɗan rawani ne.

Kafin a fita daga wannan hali, layukan gawayi sun sauko har kusa da ƙasa, sun zagaya bayan randa. Mu kanmu langar ta ragu daga biyar zuwa huɗu, sai daga baya na lura Inna ba ta cin komai sai ƙanzon gindin tukunya da take jiƙawa da ruwa bayan la'asar. In na yi magana ta ce ta ci tun ɗazu.

Da kuɗi suka fara yawo, mafi yawansu sun biya. Wasu har da ƙari, wanda take mayar musu. Wasu ba a sake ganin ƙeyarsu ba, kuma ban taɓa jin ta ambace su ba, sai dai wata safiya in ga wurin alamarsu a goge. Ɗan rawanin nan ne kaɗai ta bari, wata da watanni, domin ta ce mutumin zai dawo, iyaka ce ta tsare shi. 'Yan kunnenta ta fanso su bayan Babbar Salla.

A shekarar da ta biyo baya aka shiga yaƙin tsaftar gari, aka fara shafa jan fenti a jikin rumfunan bakin titi. Wata ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar an shafa wa tamu, Inna na tsaye a gaban bango da tsumma a hannunta, ba ta goge ba, ba ta kuma ajiye ba. Daga nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.